Zanin Gado a Ranar Gashin Kifi

"Yaran nan na sama ne! Su suka cire min shi, kuma yau sai sun fito da shi."

Dona Graciete ce ke wannan magana, tana tsaye a ƙofar gidanta da ke Alfama, tsohuwar unguwar Lisbon, ta ɗaga sandarta tana nuna tagar bene. Sufeto Telmo Valadas bai ma gama hawo tudun ba. Ya dafa bango yana haki. Jiya aka yi bikin Santo António, waliyyin garin, wanda ake gasa kifi a titi, duk ofishinsu babu wanda ya huta, lungu kuwa har yanzu ƙaurin kifi yake yi.

"Iya, bari numfashina ya dawo. Me aka cire?"

"Ba ka da ido ne, ɗan nan?"

Ya ɗaga kai. A saman ƙofar, tsakiyar shuɗayen tayil ɗin da suka lulluɓe bangon, akwai rami guda. Ƙarƙashinsa ƙusa ce da jan fure a maƙale.

"Mijina Amílcar ne a wurin," in ji ta. "Jirginsa na kamun kifi da sunansa aka zana a tayil ɗin. Teku ta cinye shi, ko takalminsa ba ta dawo min da shi ba. Wasu matan maƙabarta suke zuwa. Ni nan nake tsayawa."

Sufeto bai yi mamaki ba. Kowa ya san abin da ake yi wa bangayen garin nan. A ɓamɓare tayil, a sayar wa baƙi, su kai ƙasarsu su riƙa ɗora kofin shayi a kai. Sai a rubuta ƙara, a ajiye, shi ke nan.

Ya aro kujera ya hau, ya shafa bakin ramin. Babu tayil ɗin gefe ko ɗaya da ya tsage. Wannan ba aikin ɗan yawon da ya bugu ba ne. Wani ne ya samu tsani da lokaci, ya yi abinsa a tsanake.

"Jiya da rana kina ina?"

"A bakin lungu mana, gun gashi, kamar kowa. Ko a ƙarƙashin gado kake so na yi bikin?"

Benen nan, a da can maƙwabta ne a ciki. An tashe su an mai da shi masaukin baƙi. A ɗakin gaba ya samu yara biyu 'yan Holan, Saskia da Jorrit, rana ta gasa musu fuska, sun zube a gado ƙafafu duk kanta saboda yawon ganin gari.

"Kun san tayil ɗin da ke saman ƙofa?" ya tambaya da guntun Turancinsa.

"Ba mu taɓa lura da shi ba," in ji Jorrit, yana tura jakar goyo ƙarƙashin gado da dunduniya.

Sufeto ya gani, ya yi kamar bai gani ba.

"Ku da ko kwandon shara sai kun ɗauke shi hoto? Ba ni wayar."

Saskia ta miƙa. Ya yi ta tura hotunan: fada, taragon lantarki, coci, wani cocin, kyanwa. Sai ga ƙofar gidan jiya da safe, jirgin Amílcar na nan daram. Can gaba, da la'asar, ga ƙofar kuma. Wannan karon wani farin zanin gado ya sauko daga igiyar shanyar bene ya rufe saman ƙofar, hayaƙi na bin sa, ga ƙafafun tsani sun leƙo ta ƙasa.

"Wannan fa?"

"Kyau ya yi mana," in ji Saskia. "Shanyar garinku tana da ban sha'awa."

"Wa ya shanya?"

"Fábio. Mai kula da masaukin. Shi yake zagayawa da mu gari."

Fábio Seixas na ƙasa yana share furannin takarda na biki. Matashi ne mai ƙamshin turare da saurin murmushi, irin wanda bakinsa ya saba da baƙi.

"Yallaɓai, an sha aiki. A kawo gahawa?"

"Tsani nake tambaya. Me ka hau yi jiya?"

"Kwalliyar biki na ɗaura. Kowa ya gan ni."

"Zanin gadon fa?"

"Wanki na yi. Baƙi na fita, wasu na shiga, dole a wanke."

"Kawo shi."

Ya kawo. Sufeto ya warware zanin, ya kai hanci, ya kau da kai. Ƙauri kamar an naɗe kifin da shi. Layin ninkin guga kuwa na nan raɗau, ruwa bai taɓa shi ba.

"Fábio, a lungun bayan nan aka haife ni. Ranar da duk unguwa ke gasa kifi a titi, ko mahaukaciya ba ta shanya. Uwata tun jajibere take kwashe ko da safa ce. Kai kuma ka ɗauko gogaggen zani daga kabad ka rataya a hayaƙi."

"Don hoto ne, yallaɓai. Baƙi na so su ga shanya. Kullum ina ratayawa."

"Busasshe!" Dona Graciete ta kwatsa daga ƙofa. "Kullum busasshe yake shanyawa, marar kunya. Wankin ƙarya!"

"Kullum ƙananan tawul kake sawa, na gani a hotunansu," in ji Sufeto. "Jiya kaɗai ka sa abin da zai rufe mutum da tsaninsa. Ga kiɗa na tashi, wa zai ji ƙarar guduma?"

"Zato ne kawai. Ina tayil ɗin?"

Sai ga Saskia a matakala, rungume da jakar goyon, tana hawaye. Ta zaro wani abu a naɗe cikin riga.

"Cewa ya yi daga kicin ɗin kakarsa ne," in ji ta. "Ya ce in muna son ainihin abin tunawa da gari, mu daina sayen na kanti. Da safe muka ji kukan tsohuwar, muka gane, tsoro ya kama mu."

Ta warware. Ga shuɗin jirgi. Kusurwa guda ta gutsure, ta tafi da ƙarshen sunan Amílcar.

Fábio ya zauna a matakala.

"Ni na cire. Su suke tambaya, yallaɓai. Kowane rukuni sai ya ce a samo masa tsoho na gaske. Na ɗauka ba za ta lura da wuri ba."

"Ba zan lura ba?" in ji Dona Graciete. "Kullum sai na yi masa ina kwana."

Sufeto ya buga masa ankwa, ya miƙa shi ga wani kofur da ke jira a bakin lungu. Sannan ya saka tayil ɗin a jakar shaida. Nan ne wurin da ya fi tsana a aikin nan.

"Ina za ka kai min shi?"

"Ofis, Iya. Sai kotu ta gama."

"Yaushe?"

Ya shiga rufe bakin jakar, don ba ya son yi mata ƙarya.

Ta ɗaga sandar ta bi bangayen lungun da ita, rami bayan rami.

"Wancan na gidan Odete ne. Wancan na mai burodi. Duk an kai muku ƙara. Kun kama guda kun ce an gama? Wa ya tashi maƙwabtana? Wa ya sa hannu aka mai da saman kaina tasha? Ban iya karatu ba balle na nemo sunansa, amma kai ka iya. Ka je ka gaya masa Graciete na tsaye a ƙarƙashin ramin nan. Ya hawo tudun nan da ƙafarsa, ya dubi idona, ya faɗa min inda zan sa furen mijina gobe da safe."