Fuskar Kubra a Allon Fim

A bakin kanal ɗin ruwan noman rani na Kadawa Isiyaku ya fara ganin Kubra, ta kawo wa masu tsinkar tumatir abinci. Murmushi ɗaya ta yi, wushiryarta ta bayyana, bawan Allah ya mance da kwando a kansa.

Isiyaku manomin rani ne, amma zane ya shiga jininsa. In ya kai kaya Kano sai ya tsaya ƙofar silima ya ƙare wa hotunan finafinan Indiya kallo, ya dawo ya sake zana su a katako yadda ransa ke so, jaruma da ɗankwali, bayanta gonar shinkafa. Mai gidan bidiyo na garin Kura kan karɓa ya kafa a ƙofa.

"Mai fenti, yau ma da shuɗi a kunne ka zo zance?" in ji Kubra tana dariya.

"Hasken idona, tunaninki ne ya hana ni duba madubi."

Tunanin nan kuwa shi ya ja masa. Wata rana yana zana jaruma, hannunsa ya kwaso fuskar Kubra sak, har wushiryar, ga wani jarumi mai gashin baki riƙe da hannunta. Da aka kafa allon a gidan bidiyon da ke bakin kasuwa, Sada direba, wanda ya daɗe yana neman ta, shi ya garzaya gidan su Kubra da labari.

Mahaifinta Malam Datti ya aiko da saƙo: "Wanda ya kafa min 'ya a bakin kasuwa, hannunta cikin na ƙato, kada ya ƙara taka min zaure."

Kubra ta sha kuka. Isiyaku ya ji duniya ta yi masa zafi, don da gaske yake son ta. Ya ciro allon, ya ɗauki gwangwanin baƙin fenti, ya je ya tsuguna gaban dattijon.

"Baba, na yi kuskure. A gabanka zan shafe shi."

Malam Datti ya ƙura wa allon ido.

"Dakata," ya ce. "Wannan ai Barira ce, ranar da aka kawo min ita."

Barira mahaifiyar Kubra ce. Ta rasu ba ta bar hoto ko ɗaya ba.

"Shafe ƙaton nan kawai, ka bar min ita. Sannan ka turo magabatanka."

Bayan girbin alkama aka ɗaura aure. Da ango ya zo gaisuwa, Malam Datti ya dafa kafaɗarsa.

"Allah ya yi muku albarka, Isiyaku. Yadda ka dawo min da tawa, Allah ya bar maka taka."