Tulun da Ya Fi Ƙarfin Wuya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu saurara.

A wani gari, can da daɗewa, an yi wata mai ginin tukwane. Tuluna take ginawa manya-manya masu faɗin baki, yadda uwarta ta koya mata. Ran kasuwa ta kai su a ka, da yamma ta dawo da su a ka. Wata kasuwar ma ta kai su a ka, ta dawo da su a ka. Har hatsi ya kusa ƙare mata.

Rannan ta tsayar da wata tsohuwa, ta ce, "Inna, me tulunan nan suka yi muku? Ko tsaga babu."

Tsohuwa ta ce, "'Yar nan, ke rijiya gare ki a gida. Tamu ta ƙafe, sai rafi. Ɗauki ɗaya ki biyo mu gobe."

Ta so ta yi fushi, gajiya ta hana ta. Da safe ta bi matan zuwa rafi. Ta cika tulu, sai da aka taru aka aza mata. Tana tafiya ruwa na zuba, tana tafiya ruwa na zuba. Kafin ta iso gari wuya ya ƙage, zane ya jiƙe, ruwa saura rabi.

Ta sauke tulun a gida. Ta kwaɓa yumɓu, ta gina ƙanana masu tsukakken baki, ta gasa, tana gwada kowanne a kanta.

Da kasuwa ta ci, kafin azahar mata sun kwashe su. Ta koma gida a hankali, gammo a hannu.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera.