Layin Da Ya Wanke Gwani

Ranar da firintar shagon hotuna ta tsaya cak, Auta ce ta kira mai gyara. Ya shigo da jakarsa a kafaɗa, ya durƙusa yana duba wayoyi, ita kuma ta tsaya tana duba shi. Gyaran minti goma ya kai awa guda, kuma babu wanda ya yi ƙorafi. Daga ranar ta sa masa suna Gwani.

Abba, mahaifinta mai shagon, bai so zancen soyayyarsu ba. Shi ɗan amininsa yake so mata, wani mai cika baki da Auta ke kira Na-sani. Na-sanin ne ma ya rubuta musu ɗan fayil ɗin umarni na kwamfuta mai kwafe hotuna daga katin kyamara zuwa ma'ajiya kullum.

Sai ga wata amarya ta zo karɓar hotunan bikinta, aka duba ma'ajiya babu su. Na-sani ya yi tsalle ya ce, "Mai gyaran nan ne ya goge su!" Abba ya rantse Gwani ba zai ƙara taka masa shago ba.

Auta ta sha kuka har idonta ya kumbura, sannan ta tura saƙo: "Gwanina, zuciyata ta san ba kai ba ne. Amma Abba hujja yake so."

Amsa ta zo nan take: "Share hawayenki, Hasken idona. Buɗe fayil ɗin, ki ɗauko min hotonsa."

Da Gwani ya duba hoton, ashe Na-sani da hannu ya rubuta kwanan wata a matsayin sunan folda, bai taɓa canza shi ba. Kullum hotuna folda ɗaya suke faɗawa, kyamara kuma tana maimaita lambobin da take sa wa hotuna, sabo ya danne tsoho ya shafe shi.

Gwani ya turo mata layi guda:

for /f %%a in ('powershell Get-Date -Format yyyy-MM-dd') do set RANA=%%a

"Wannan zai tambayi kwamfuta kwanan wata, ya kama amsar ya ajiye a cikin RANA. Ki sa RANA ya zama sunan folda. Ke za ki rubuta, na yarda da hannunki."

Da safe ta zaunar da Abba gaban kwamfutar, ta nuna masa tsohon kwanan watan, ta gyara.

"Abba, a ba gyaran nan kwana uku. In ba ka ga folda uku ba, na haƙura da Gwani."

"Kin ji abin da kika faɗa?"

"Na ji, Abba."

Kwana ukun nan Auta ko abinci ba ta iya ci sosai. A rana ta uku Abba ya gyara zaman tabarau, ya ƙirga da yatsa: ɗaya, biyu, uku, kowace da ranarta. Na-sani ya tuna yana da uzuri a waje, bai dawo ba.

Abba da kansa ya kira Gwani ya ba shi haƙuri. Gwani ya karɓi katin kyamara, kafin la'asar ya zaƙulo yawancin hotunan amaryar.

"Ɗana," in ji Abba, "na zalunce ka. Turo magabatanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Abba ya hana kowa riƙe kyamara, shi ya ɗauki hoton 'yarsa da angonta, hawaye na zubo masa yana dariya.

"Allah Ya yi muku albarka," ya ce. "Ku matso kusa mana, ai yanzu an halatta!"