Mai Dodo da 'Yar Mai Burodi

Labarin da ya zaga layinmu shi ne wai saurayin Auta yana da mata a ɓoye. Wai doguwa ce, gashinta fari har gadon baya, wai har da fuka-fuki. Masu kawo labarin sun ƙara da cewa gidansa a cikin gajimare yake, kuma abin hawansa wani dodo ne mai aman wuta. Da na tambayi wanda ya gani da idonsa, sai aka miƙo mini waya. Hoto ne. Abin da kowa ya yarda da shi yawanci ba wanda ya je ya duba, don haka na ce ni zan je. Auta jikata ce, 'yar babban ɗana mai gidan burodi.

Amma bari a fara daga inda suka fara.

Auta tana aiki a gidan buga takardu, ita ke kan babbar na'urar da ke fitar da fosta. Wata rana wani siririn saurayi mai tabarau ya shigo da filashi a hannu, ya ce a buga masa fosta mai faɗin ƙofar shago. Da ta buɗe sai ga wani ƙaton namiji mai faɗin ƙirji, gemu baƙi wuluk, takobi a hannu, yana zaune a wuyan dodo. A bayansa wata mace mai fuka-fuki ta dafa kafaɗarsa. A ƙasa an rubuta: "Tambari, fosta, katin biki. Ka yi mafarki, mu zana."

Ta dubi hoton, ta dubi saurayin.

"Wane ne wannan?"

"Ni ne," in ji shi, yana gyara tabarau.

"Kafin ka yi ciwo?"

"A'a, manhajar nan ce ta AI, mai zana hoto in ka kwatanta mata. Ta ɗan ƙara. Talla ce kawai."

"Ta ɗan ƙara," Auta ta maimaita. "To dodonka ƙafa biyar gare shi. In buga haka, ko a gidanku haka suke?"

Ya sunkuyo ya ƙirga, gumi ya keto masa. Ya roƙi aron kujerarta, ya zauna ya shafe ƙafar ta biyar, ya zana inuwar da ta ɓace da hannunsa, a natse, ba gaggawa. Auta ta tsaya a bayansa tana kallo. A nan ta ga abin da fostar ba ta nuna ba: hannun nan ya iya aiki.

Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Malama Gyara, na ƙirga ƙafafun duk dabbobin da ke shagona. Kowa huɗu. Har kyanwar maƙwabta na ɗaga na duba."

Ta mayar masa: "Madalla, Jarumi. Saura ka ci abinci, ana ganin haƙarƙarinka ta cikin riga."

"In kin dafa zan ci."

"Ka fara neman ƙirjin da za ka zuba shi."

Haka aka soma. Fostar ta hau saman shagonsa, gari ya sa masa suna Mai Dodo, shi kuma ya dinga samun dalilin zuwa gidan buga takardu ko ba shi da abin bugawa.

To akwai mai kemis da shagonsa ke kallon gidan burodi, wanda ya daɗe yana aiko wa Auta maganin tarin da ba ta yi. Shi ya tsallaka titi da wayarsa ya nuna wa babanta hoton.

"Baba, ka ga wanda ke zuwa wurin Auta. Ka dubi matar da ke bayansa. Ni dai ban ce komai ba."

Ɗana mutum ne da ya tashi a bakin tanda, kuma abin da ya fi ƙi a duniya shi ne mai kuri. Ya san ba a hawan dodo, ba wawa ba ne. Amma ya ɗauka ƙaton nan mai gemu haka yake a zahiri, matar kuma wata ce aka liƙa wa fuka-fuki.

"Mutumin da zai ɗauki takobi don ya sayar da katin biki," ya ce wa Auta, "me zai ɗauka ranar da kuka yi faɗa? Kada in sake jin sunansa a gidan nan."

Auta ta yi kuka, sannan kukan ya koma haushi, haushin kuma ya sauka a kan mai fuka-fuki.

Ta rubuta wa Mai Dodo: "Wace ce ita?"

"Ba kowa ba ce, Gyarata. Gefen hagu ne ya yi fili, na ce wa na'ura ta cike."

"To me ya kai hannunta kafaɗarka?"

"Wallahi ban ce ta taɓa ni ba."

"Amma ba ka hana ta ba. Ka je ta dafa maka."

Daga nan ta daina amsa shi. Ganin tana tsakurar abinci tana hararar waya ya sa na yafa mayafina na tafi.

Gidan gajimaren ɗaki ne guda a saman shagon gyaran taya, matakalarsa kuwa ba a yi ta don gwiwar tsohuwa ba. A ciki akwai tebur, kwamfuta, fanka da ba ta juya wuya, da bangon da ya cika da zanen fensir. Siririn yaro ya miƙe har yana ture kujera.

"Sannu da zuwa, Kaka."

"Ashe ka san ni. Ina amaryar taka, ko ta tashi sama shan iska?"

Ya zaunar da ni ya nuna mini. Ya rubuta 'yan kalmomi, sai ga mai fuka-fuki ta fito. Na ce ya sake. Ta fito da wata fuskar dabam, har da kunne mai tsini. Na ce ya ƙara. Wannan karon fuka-fukin a kunkuminta suka tsiro.

"To kai me ya kai ka wuyan dodo?"

"Kaka, na daɗe ina manna tambarin da na yi wa mutane a ƙofar nan, ba mai ko ɗaga kai. Da na hau dodo sai aka fara tsayawa ana dariya. Cikin masu dariyar wasu suna hawowa."

Na ce masa ledar burodin ɗana ta tsufa, rubutun ma ya koɗe. Ya je ya nemi aikin, ya gaishe shi, ya faɗi ko shi wane ne. Na ɗauka magana ta ƙare.

Ya je kuwa. Ɗana ya kalle shi sama da ƙasa, ya tambayi daga wane shago yake. Yaron ya faɗa cikin ƙanƙanuwar murya.

"Allah sarki," in ji ɗana. "Kai ke yi wa wancan mai girman kan aiki? Shi ya sa ka rame. Shi yana can kan dodo, kai kana yawo a rana. Zauna, ɗan nan. A kawo masa mai zafi."

Yaron ya buɗe baki, aka cusa masa burodi a hannu, ya rufe.

Aikin ya ja lokaci, don Mai Dodo ba ya zana abin da bai tsaya ya kalla ba. Kullum da safe yana gidan burodi, yana kallon yadda ake murza ƙullu, yadda mai saye ke matsa burodi da yatsa ya ji laushinsa, yadda ake ɗaure bakin leda. Ya bar fili a tsakiyar ledar don a ga burodin, ya zana hannayen ɗana biyu a gefe, har da tabon ƙunar da ke babban yatsansa. Ɗana ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya juya wai hayaƙi ne ya shiga idonsa. Kullum kuma sai ya zagi Mai Dodo, yaron yana sunkuyar da kai.

Auta ta ji labari a bakina, ta yi dariya har fushin ya tafi.

"Jarumi, yaushe za ka faɗa masa?"

"Gobe, in Allah ya yarda. Yau ya ce maigidana ƙaton banza ne, na ce masa gaskiya ne."

"Ka zagi kanka?"

"Ya ƙara mini burodi."

Mai kemis bai zauna ba. Da ya ga hoto na jan hankali, sai ya sa manhaja a wayarsa ta ɗora shi a bayan zaki, ya aiko wa Auta da rubutu: "Wasu dodo, wasu zaki." Fuskar mai kemis ce ta fito a jikin zakin, a bayansa kuma wani baƙo yana zaune riƙe da kwalbar magani. Auta ta amsa masa: "Allah ya ƙara lafiya, ka gaida mahayin."

Wata rana da rana ɗana ya shigo ɗakina yana murmushi, ya kira Auta.

"Inna, na samo maganin abin nan. Akwai wani yaro mai ladabi, ba shi da ƙiba amma yana da hannu. Auta, ba dole nake miki ba, amma ki dube shi. Ya fi wancan sau dubu. In kin yarda, ni na ba shi."

Auta ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Ɗana ya ɗauka kuka take, ya ce ta yi haƙuri, za ta saba.

Bayan ya fita ta rubuta wa Mai Dodo: "Baba ya ba ka ni, don ya raba ni da kai."

"Alhamdu lillahi. Mu yi shiru har a ɗaura."

"A'a. Ba zan shiga gidanka ta bayan idon Baba ba. Ko ka faɗa masa da bakinka, ko ka koma wurin mai fuka-fuki. Mai kemis ya gan ka jiya, ya ce zai tsallako."

Washegari Mai Dodo ya zo gidan, ya durƙusa a falo a gabanmu. Ya ciro wayarsa, ya buɗe fostar, ya ɗaga ta kusa da fuskarsa.

"Baba, ni ne."

Ɗana ya dubi wayar, ya dubi fuskar, ya sa tabarau ya sake dubawa.

"Ina ƙirjin?"

"Na'ura ce ta ƙara, Baba."

"Gemun fa?"

"Shi ma."

"Matar?"

"Babu ita. Kaka ta je ta duba."

Ɗana ya juyo ya kalle ni, ni kuma na kalli fanka.

"Wato duk kwanakin nan ina zaginka a gabanka, kana cin burodina, kana cewa gaskiya ne?"

"Wasu wuraren gaskiya ne, Baba."

Ba wanda ya yi dariya, ko da yake ni sai da na ciji leɓe. Ɗana ya miƙe.

"A titi ka ƙara wa kanka, a gabana ka rage wa kanka. To wanne zan ba 'yata? Tashi ka tafi."

Ya tafi. Auta ta koma tsakurar abinci. Sabuwar leda ta fito, kowa na yabawa, ɗana kuwa ko kallonta ba ya yi.

Sai ga filashi an aiko wa Auta a wurin aiki, da saƙo a waya: "Malama Gyara, ki buga mini wannan. Ki ƙirga komai da kyau." Ta buɗe, ta ƙirga komai da kyau, sannan ta kunna na'ura.

Ni na ce wa ɗana ya kai ni asibiti a duba mini gwiwa, na kuma zaɓi hanyar da za mu bi. A gaban shagon gyaran taya mutane sun taru suna dariya, dole ya rage gudu. Tsohuwar fostar ta sauka. A sabuwar dodon yana nan, ya ma fi da girma, wuta na fita ta hancinsa. Amma wanda ke wuyansa siririn yaro ne cikin rigarsa ta kullum, ya ƙanƙame dodon da hannu da ƙafa, ya runtse ido, tabaransa ya zame zuwa kan hanci, takalminsa ɗaya yana faɗowa. Ba takobi, ba gemu, gefen hagu kuma fili ne fetal. A ƙasa an rubuta: "Dodon na na'ura ne. Sauran aikin nawa ne."

Ɗana ya kashe mota. Ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, cikinsa ya ƙi ba shi haɗin kai, har ya kifa kai a sitiyari. Da ya ɗago ya share ido, sai ya ce:

"Wannan na san shi. Wannan ne na ce na ba." Ya leƙa ta taga ya kira mai gyaran taya. "Ka ce wa na sama ya sauko, in yana iya sakin dodon."

Ya sauko yana tuntuɓe. Ɗana ya ce masa ya turo manyansa, kuma daga yau ya riƙa cin abinci.

Saƙon da ya biyo baya gajere ne.

"Gyarata, na sauko lafiya."

"Sannu da hanya, Jarumina. Takalmin fa?"

"Yana wurinki, tare da zuciyata."

"Zuciyar na karɓa. Takalmin ka saya wani."

Aka ɗaura aure, gida ya cika. Katin bikin shi ya zana da fensir, ba dodo ko ɗaya a ciki, amarya kuma ta buga da hannunta. Mai kemis ya zo ya yi murna daidai gwargwado, ya kawo kyautar maganin tari. Ɗana ya dafa kawunansu ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya tsare su daga ƙarya babba da ƙarama. Muka ce amin.

Mai Dodo ba shi da dodo, ba shi da gida a gajimare. Ɗaki biyu ne da falo a bayan gidan buga takardu. Matarsa ɗaya ce, gajera ce, ba ta da fuka-fuki.