Wanda Ya Riƙe Murfin But

Wa ya kashe Ƙwaro? Shekara biyu ke nan ina juya tambayar nan, har yau ban kama bakin zaren ba. Ɗan sandan da ya harbe shi ne? Mijin yayarsa ne? Tsohon da ransa ya faɗo hannunsa ne? Ko kuwa ni ne, da na ɗaure noti a jikin ƙarfen da na san ya ruɓe?

Ni fanalbita ne, mai gyaran jikin mota. Ranar Talata da hantsi suka kawo jif ɗin garejina, tsohuwa, ruwan toka, irin mai murfin but da ake ɗagawa sama. Shokokin nan biyu da ke taimaka wa murfin ya tashi ya tsaya sun mutu, sai da sanda ake tokare shi. Mai motar, wanda daga baya na ji ana ce masa Lauya don bakinsa ba ya hutawa, ya zo da sababbi a leda. Na danna yatsa inda ake ɗaure su, fenti ya rufta kamar ɓawon ƙwai. Na gaya masa tsatsa ta cinye wurin, ta cinye makullin ƙasa ma. Sabuwar shoka ƙarfi gare ta, tumɓuke ƙarfen za ta yi. Na ce ya ba ni kwana biyu in yanke, in yi walda. Ya yi dariya, ya ce allura ya zo yi, ba tiyata ba.

Ƙanin matarsa na jingine da motar, wani siriri mai wushirya. Shi ne Ƙwaro.

"Ɗaura masa kawai, maigida," in ji shi. "In ta faɗo ai a kaina za ta faɗo, kan nan kuwa ba komai a ciki."

Na ɗaura. Ban san ko su wane ne ba, amma na san ƙarfen.

Sauran labarin guntu-guntu na tsinto shi: wani daga bakin direbansu a gidan yari, wani daga sufeton da nake gyara wa mota, mafi yawa daga tsohon da ke gadin wurin da suka yi wa fashi.

Su uku ne. A cikin motar suka tsara aikin, a bakin wurin wankin motoci, gilashi a rufe. Siton wayoyin hannu, ranar Alhamis da tsakar rana, lokacin da leburori suka fita cin abinci. Minti huɗu. Direba ba ya kashe inji, Lauya na riƙe da mutane, Ƙwaro na loda kwali. Direba ya tambayi wa zai riƙe murfi, don a aikinsu na baya sandar ta zame. Lauya ya ce abin da ya kai shi gareji ke nan. Wanda ya riƙe ƙofa ba ya riƙe bindiga, su kuma ba su da hannun da za su yi wa ƙofa kyauta.

Sha biyu da rabi jif ta shigo da baya-baya. Maigadi, dogon tsoho mai furfura a gira, ya taso da littafin shiga da fita a hannu. Bakin bindiga ya tare shi.

"Kowa ƙasa! Ƙasa na ce!"

Akawu biyu suka kwanta. Ƙwaro ya ɗaga murfi, ya tashi sumul, ya tsaya. Kwali na ɗaya. Na biyu. Na biyar. A na shida aka ji ƙas! Shokar hagu ta tumɓuko da guntun ƙarfe, garin tsatsa ya zubo, murfin ya rufto a kafaɗar Ƙwaro.

Lauya ya zagi motar, ya zagi wanda ya gyara ta. Ya fizgo maigadi, ya ce ya ɗaga ya riƙe.

Tsohon ya riƙe, hannu biyu a sama. Ya gaya mini murfin ya yi nauyin buhun siminti. A ƙarƙashinsa Ƙwaro na shiga yana fita, ƙeyarsa daidai bakin ƙarfen. Ɗaya daga cikin akawun ya ɗago ido daga ƙasa, ya yi masa alama da haɓa: saki. Tsohon ya gane. Ya kuma ga zufa na gangarowa a ƙeyar nan, sai ya kau da kai, ya ƙara ɗagawa.

Telan da ke tsallaken titi ya riga ya buga waya. Sufeto da mutum biyu suna shataletale, tafiyar minti uku. Sufeton ya ce mini da suka shawo kwana, abin da ya fara gani shi ne mai kakin gadi yana riƙe wa 'yan fashi ƙofa.

Harbi ya tashi. Ƙwaro ya yar da kwali, ya dafe ciki, ya faɗa but ɗin. Lauya ya bugo murfin — ya dawo. Ya sake bugawa — makullin ya faɗo ƙasa da ɓarɓashin tsatsa. Shoka ɗayar da ta rage kuma sai turo shi sama take yi.

"Shiga, tsoho! Ja shi ta ciki!"

Aka tura shi kan kwalaye. Jif ta fasa get, ta hau titi.

Tsohon ya zare bel ɗin wandonsa, ya zura a mariƙin ciki, ya naɗe a hannun dama, ya tokare ƙafa. Wurin ya yi kaɗan. Kwalaye sun danne Ƙwaro da murfin, duk nauyinsa a jikin murfin. Duk ramin da suka faɗa, murfin ya buɗe kamar taki ɗaya, kwalta ta bayyana tana gudu, tsohon ya jawo.

A baya, sufeto ya hana yaransa harbi. Bai san ko tsohon nasu ne ko kamamme ba, ya ce a bi kawai.

Direba ya ce mai ba zai kai su ko'ina ba in ana bin su haka. Ya ce Ƙwaro na zubar da jini, akwai wani mai kemis da ya sani. Lauya ya ce ba kemis, ba asibiti. A karo na farko bakinsa ya huta. Ya daɗe yana kallon madubi, sannan ya juyo.

"Baba, saki bel ɗin nan."

Tsohon ya ce mutum zai faɗi.

"Na sani. In ya faɗi, dole su tsaya su ɗauke shi."

"Yaya?" in ji Ƙwaro. "Yaya, ni ne fa."

Lauya bai dube shi ba. Ya miƙo bindiga ta saman kujera, ya ce zai ƙirga uku. Tsohon ya ce masa ya ƙirga ɗari in ya so. Shekara talatin yana gadin ƙofar mutane, bai taɓa buɗe wa mutuwa ba. Direba ya yi ihu cewa in aka harbi tsohon har kayan za su zube. Abin da ya sauke bindigar ke nan, kwalaye.

Suka bar gari. Tsohon ya daina jin yatsunsa. Bel ya shige nama. Jinin Ƙwaro ya jiƙe masa gwiwa, da ɗumi da farko, daga baya da sanyi. Ya ce mini babu abin da bai roƙa ba a ransa: taya ta fashe, mai ya ƙare, 'yan sanda su sha gabansu. Ba ko ɗaya. Mota na tafiya, hannunsa na mutuwa.

Kafin in ƙarasa, bari in faɗi yadda kowa ya ƙare. Lauya ya kwana biyu a gonar wani, aka same shi, ya yi harbi, aka mayar masa. Direba na cin shekara ashirin da ɗaya. Matar Lauya ta rasa miji da ƙani a mako guda. Tsohon ya yi wata uku a tsare saboda hoton kyamarar sito, kafin akawun ya yarda ya yi shaida. Hannunsa na dama har yau ba ya dunƙuluwa. Ƙwaro ya cika a asibiti da la'asar. Likita ya ce ba zai iya rantsuwa ko harsashin ne ko faɗuwar ba. Ni ba wanda ya tambaye ni komai.

Abin da ya faru a but ɗin kuwa, ga shi yadda tsohon ya ba ni.

Ƙwaro ya matso da bakinsa kusa da kunnensa. Muryar ta yi ƙasa, wushiryar ta yi ja.

"Baba, su na baya suna da asibiti. Waɗannan ba su da shi."

Tsohon ya ce masa ya yi shiru, ya riƙe cikinsa.

"Ka sake ni."

"Abin da mijin yayarka ke so ke nan."

"Shi don kansa ya ce. Ni don kaina nake roƙo."

"In ka mutu a kwalta fa? Ni na kashe ka."

"In na mutu a nan fa, Baba?"

Tsohon ya ƙara damƙe bel ɗin. Riƙewar da yake ganin ita ce ceto, ita ce ke tafiya da mutumin nesa da likita. Sakin da ya ƙi, shi ne umarnin azzalumi, shi ne kuma roƙon mai rai. Ya tambaye ni ko da ni ne me zan yi. Na sunkuyar da kai.

Gaba kaɗan akwai inda titi ya haye layin dogo. Ya san dole direba ya taka birki. Ya ji motar ta rage gudu, tayoyin gaba sun hau ƙarfe. Ya zura hannun hagu ta bayan kan Ƙwaro, ya manna shi a ƙirjinsa, don su faɗi tare.

"Rufe ido, ɗana," ya ce.

Ya warware bel ɗin, ya saki.