Hagu Talatin da Ɗaya

A ajin ɗa'ar koyarwa suka fara haɗa ido, ranar da ta miƙe ta zayyana matakan da hankali ke hawa kafin ya rabe daidai da kuskure. Aji ya tafa. Daga bencin baya wani ya ce, "Ta-Gaba, ke a wane mataki kike?"

"Na sama," ta ce. Ta waiga ta ga alli har a girarsa, ta raɗa masa Mai Alli. Sunayen suka bi su, so ya biyo sunayen.

Makaranta ɗaya aka tura su gwajin koyarwa. Ana gobe mai dubawa zai zo, ta rufe ƙofar aji ta ce wa ɗalibanta, "Kowa ya ɗaga hannu. Wanda ya san amsa, dama. Wanda bai sani ba, hagu."

Da mai dubawa ya zo, hannu arba'in ke tashi a kowace tambaya, ita kuwa dama kaɗai take zaɓa. Ta fi kowa maki. Mai Alli ya gani ta taga, ya shiga nasa ajin, ɗalibai suka yi ta kuskure a gaban mai dubawa. Da ƙyar ya haye, kuma bai taɓa tayar mata da maganar ba.

Da ya aiko neman aurenta, mahaifinta, tsohon hedimasta, ya jera sakamakonsu a tebur. Yana cikin masu rantsuwa cewa maki ba ya ƙarya.

"Wannan zan ba ki? Malamin da ajinsa bai san komai ba? Ga ɗan aminina na jira."

Ta tura saƙo: "Masoyi, me ya hana ka faɗa wa Baba abin da ka gani?"

"Ba a bakina ya kamata ya ji ba, Ta-Gaba. Ni dai ina sonki, hagu da dama."

Kwana uku abinci bai wuce mata ba. A na huɗu ta durƙusa gaban Baba ta faɗi komai, idonta a kan takalminsa.

Ya cire tabarau. "Hagu nawa ne?"

"Talatin da ɗaya, Baba."

"Ashe kin ƙirga."

"Har yau ina ƙirgawa."

Ya daɗe yana goge gilashin da ba shi da datti. "Ni ma na yi. A zamaninmu ba hannu ba, kunne muke sa su taɓa," ya ce a hankali. "Shekara arba'in ban gaya wa kowa ba. Ki ce ya turo magabatansa."

Da kanta ta rubuta wa sashensu na kwaleji abin da ta yi. Aka soke makin, ta maimaita zango guda a gaban hannuwan da ba sa tashi.

Ranar ɗaurin aure, bayan Baba ya sa musu albarka, Mai Alli ya sunkuyo kusa da mayafinta.

"Amarya, yanzu a wane mataki kike?"

"Na farko," ta ce. "Amma da ƙafata na taka shi."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka.