Ɓarawon Datar Auta

Ranar da Auta ta shiga shagon Dogo, kwamfuta ta je saya, ba miji ba. Ta samu gurbin karatun koyarwa ta intanet, Baba ya ce ta zaɓi ƙarama wadda za ta riƙa ɗorawa a cinya.

Dogo mai sayar da kwamfutoci mutum ne da bakinsa ba ya hutawa. Amma da ta ɗago ido ta tambaye shi ko batirin yana jimawa, sai magana ta maƙale masa. Ya kunna, ya kashe, ya sake kunnawa, ya naɗe cajar da ya riga ya naɗe. Ya rubuta mata lambarsa a jikin kwali, wai ko za a samu matsala.

Kafin matsala ta zo, saƙo ya riga ta.

"Malama, ya jikin kwamfutar?"

"Lafiyarta lau, Injiniya. Ita kaɗai ake gaisarwa?"

"Ita na sayar. Mai ita kuwa ita ta saye ni, ko tayi ba ta yi ba."

Magana ta yi nisa, har Umma ta kai wa Baba, ya ce zai duba.

Sai data ta fara ƙarewa. Baba ya sa mata ta wata guda a wayarta, wadda take haɗa kwamfutar da ita, ba ta ga ƙarshen mako ba. Ya sake sawa, ta sake tafiya. Shi kuwa tsohon direban tirela ne, ya sha kama yaran mota suna zuƙe mai da tiyo, ya san tanki ba ya ƙafewa haka kawai. Ga kuma mai kantin magani na bakin layi, wanda ya taɓa neman auren Auta ta sallame shi cikin ladabi, ya rage murya ya shaida masa cewa yaran yanzu wuni suke suna kallon juna a waya, kuma kallon nan data yake sha.

Baba ya dawo gida fuska ba annuri. Auta ta rantse karatu kawai take yi, hirarsu ma duk a rubuce ce.

"To aljanu ke shanye ta?" in ji shi. "Yaron da ya koya miki ƙarya tun kafin aure, ba zai taka min ƙofa ba."

Ya karɓe wayarta. Umma ta ara mata tata a ɓoye, ta tura layi ɗaya: "Ba fushi nake ba, Injiniyana. An ce kai ne ɓarawon datata."

Amsa ta zo nan take: "Zuciya na sata, Malama, ita ma aro na ɗauka. Ki yi haƙuri, kar ki yi musu da Baba."

Washegari da hantsi Baba ya kafa doka: in karatu ne, a haɗa kwamfutar da wayarsa, a falo, a gabansa. Ya sa sabuwar data, ya zauna ya harɗe ƙafa kamar mai gadin kaya a tasha. Auta ta buɗe shafin darasi, ta ɗora hannuwa a cinya tana karantawa. Ko hoto ba ta buɗe ba.

Shayinsa bai huce ba wayar ta yi ƙara. Ya nisanta ta da ido ya karanta: rabin datarsa ya tafi.

Ya dubi wayar, ya dubi hannuwan 'yarsa. Ya sa hula, ya rungumi kwamfutar a hammata.

"Tashi mu je."

Dogo na ganinsu ya miƙe har yana ture kujera. Baba ya dire kwamfutar a tebur ya ce an sayar masa da mota mai yoyon tanki. Dogo ya duba, ya yi bayani: sabuwar kwamfuta duk layin da ta samu ɗauka take kogi ne. Tana can a ɓoye tana sauke abubuwan sabunta kanta, tana kuma kwashe hotunan gidan da Auta ta zuba mata tana kai su ma'ajiyar intanet. Ya danna wani wuri ya shaida wa kwamfutar wannan layin na awo ne, ba kogi ba, ya dakatar da sabuntawar, ya tsayar da hotunan, ya sa mata iyakar da za ta yi gargaɗi in an kusa. Manyan saukewa kuma, ya ce a kawo ta shago a yi a layinsa.

Baba ya gyaɗa kai. "Wannan ɗaurin bakin, kowa kake yi wa in ya saya?"

"Kowa, Baba."

"To me ya hana ka yi wa tamu?"

Dogo ya sunkuyar da kai. Idonsa ya zame wajen Auta, ya dawo da sauri. "Ranar ce dai na manta."

Baba ya juya ya dubi 'yarsa, wadda ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Dariyar da yake dannewa ta fi ƙarfinsa.

"Na ga abin da ya mantar da kai. Ashe dai kai ne ɓarawon, sai dai ba ta inda aka ce min ba." Ya miƙa wa Auta wayarta, ya sake duban Dogo. "Ka turo manyanka, tun ba ka manta hanyar gidanku ba."

Datar watan nan ta kai ƙarshen wata har da saura. Mai kantin magani kuwa, tun daga ranar in Baba ya wuce sai ya duƙa yana gyara kwalabe.

Ranar ɗaurin aure Baba ya riƙe hannun Dogo ya daɗe bai saki ba. Ya ce Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya sa albarka, Ya toshe duk wata kafa da alheri zai zurare musu ba su sani ba. Aka shafa.

Auta na cikin ƙawayenta wayarta ta yi ƙara.

"Malama, yau ban manta komai ba."

Ta goge ido ta rubuta: "Ka manta ka ce kana sona."

"Wannan ba na awo ba ne. Na bar shi a buɗe."